Sojan da ya ƙame gaban sarki: raini ne ko ladabi?

Hafsan sojan da ya tsaya ƙiƙam gaban sarki, hula a kai, takalmi a ƙafa, yana kallonsa ido cikin ido, raini ya yi ko ladabi? Wannan tambaya ce ta hana fadarmu ta shayi a unguwar Zariya watsewa da wuri a wani dare, bayan wani guntun bidiyo ya zagayo mu ta WhatsApp. Taro ne na hukuma, sarki na zaune fadawa sun kewaye shi, duk wanda ya iso sai ya zube ya kwashi gaisuwa. Sai ga wani matashin hafsa ya tako, ya haɗa dugadugansa, ya sara, ya juya abinsa.

Alhajin da ke da shago a bakin layinmu ya miƙa wayar yana girgiza kai. "Yaron nan ba gidan tarbiyya ya tashi ba. Gaban uban ƙasa zai kafe kamar turken doki?"

Akwai wani dattijo ɗan mazan jiya da ke zama da mu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bariki. Sai da ya kurɓi shayinsa tukuna. "Alhaji, da ya tsuguna cikin kakin nan, da a kaso zai kwana. Abin da ka gani shi ne iyakar girman da aka koya masa bayarwa. Shugaban ƙasa ma abin da zai samu ke nan."

Gardamar ta wuce sarki da soja. Tun juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar a ƙarshen watan Yulin 2023 mutanen Maradi suka koma kallon tarbar baƙi kamar yadda ake kallon kokowa: wa aka je tarba filin jirgi, wa aka bari yana jira, wa aka shimfiɗa wa jar darduma, wa ya miƙa hannu aka bar shi da shi a iska. Kowane hoto da fassararsa, kuma galibi da mudun gida ake awon. A nan ake tafka kuskure iri biyu. A ga raini inda babu shi, a kuma kasa ganinsa inda aka dafa shi da gangan.

Mene ne protokol, har ake zubar da jini a kansa?

Abin da ma'aikata ke kira protokol shi ne tsarin wa ke gaba, wa ke biye, wa zai zauna ina, wa zai fara magana, da irin karramawar da ta dace da kowane muƙami. Ɗan Maradi ba baƙo ba ne a wannan ilimi. A fadar Katsinar Maradi, Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi kowa ya san mazauninsa, ranar hawan sallah kowa ya san bayan wa dokinsa zai bi. Haka yake a Tsibirin Gobir. Ba a busa wa attajiri kakaki komai tarin dukiyarsa. Mun san cewa in an matsar da tabarmar mutum taku biyu, an yi magana, ko da ba wanda ya buɗe baki.

Turawa sai da suka sha wuya kafin su rubuta nasu. A 1661, a birnin Landan, an fita tarbar sabon jakadan Suwidin, sai rikici ya kaure tsakanin mutanen jakadan Faransa da na jakadan Sifen kan keken dokin wa zai bi bayan baƙon kai tsaye. Aka zare takubba, aka kashe dawaki, aka rasa rayuka. Sarkin Faransa Louis na 14 ya yi barazanar yaƙi, har sai da Sifen ta ba da haƙuri. Duk a kan layi.

Maganin da aka samo a babban taron Biyana na 1815 mai sauƙi ne, kuma shi ke aiki har gobe: tsakanin jakadu masu daraja ɗaya, wanda ya riga kama aiki shi ne gaba, ƙasarsa babba ce ko ƙarama. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci ta sake tabbatar da haka. Shi ya sa a Yamai za ka iya ganin jakadan wata 'yar ƙaramar ƙasa zaune gaban na ƙasa mai makaman nukiliya, ba wanda ya ɗaga gira. Wanda ya fi kowa daɗewa shi ne dattijon jakadu, mai magana da yawunsu, sai dai a wasu ƙasashen Katolika inda ake bar wa wakilin Fafaroma wannan matsayi. A zauren Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, kowace shekara ƙuri'a ake jefawa a fitar da ƙasar da za ta zauna kujerar farko, sauran su biyo bisa jerin haruffan Ingilishi. Da haka Nijar da Najeriya suke maƙwabtaka a can ma, ko ana shiri ko ba a yi.

Hula, takalmi da ido

A nan ne al'adun biyu suka juya wa juna baya sosai. Bature in zai girmama wuri, hula yake cirewa ya bar takalmi. Bahaushe takalmi yake tuɓewa tun daga zaure, ya gyara zaman hularsa, don shiga gaban manya kai ba hula rashin kamun kai ne. Bature miƙewa yake in babba ya shigo. Mu ƙasa muke yi, a rusuna, a durƙusa, ko a zube gaba ɗaya. Soja an hore shi ya dubi idon wanda yake sara wa, har ma in rukuni na wucewa gaban rumfar manya akan ba da umarni kowa ya juya kai ya kalle su. Mu kuwa yaron da ya tsare babba da kallo sunansa mai tsaurin ido, kuma ba yabo ba ne.

Sarawar kanta, a wajen sojan Ingila, daga ɗaga hula ta samo asali, aka taƙaita ta zuwa kai hannu ga hular. Ke nan hafsan bidiyon nan, a yaren da aka koya masa, hularsa ya cire wa sarki. Ita ma sarawar ba iri ɗaya ba ce. Sojan Faransa da sojan ƙasa na Ingila tafin hannunsu waje yake kallo, na Amurka da sojan ruwan Ingila ƙasa yake kallo, na Folan kuwa da yatsu biyu suke yi.

Mu juya hoton. Ranar hawa, mahayi ya sako doki a sukwane, ya ja linzami dab da sarki, ya ɗaga dunƙulallen hannu ko mashi yana girgizawa. Gare mu jinjina ce, mubaya'a ce tsantsa. Baƙon da ba a yi wa bayani ba, dunƙulen hannu a garinsu alamar bore ce, mai tsaron lafiyarsa ma tuni ya fara laluben ƙugu. Haka jakadan da ya zuba jawabi gaban sarki, sarki ya rufe baki da amawali bai ce uffan ba, sai wani daga gefe ya ɗaga murya, "Sarki ya gaishe ka." Yana iya komawa gida da zaton an share shi, alhali an amsa masa ta bakin da ya dace.

To me zai hana baƙo ya yi yadda masu gida ke yi? Ai in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, sai ka nemi taka ka ɗaura. Wannan karin magana tana aiki a kan ɗan kasuwa da matafiyi, amma ba ta cika aiki a kan jakada da soja ba, domin ba jikinsu kaɗai suke ɗauke da shi ba. In jakada ya zube, ƙasarsa ce ta zube. A 1793 Ingila ta aika Lord Macartney fadar sarkin Sin, Qianlong, inda al'ada ita ce baƙo ya durƙusa ya kai goshi ƙasa. Macartney ya ƙi, ya ce gwiwa ɗaya zai sa ƙasa kamar yadda yake yi wa nasa sarkin. Ya koma gida ba tare da biyan buƙatun cinikin da ya je nema ba, ko da yake ba gwiwar kaɗai ce ta jawo hakan ba. A 2009 Barack Obama ya rusuna sosai gaban sarkin Japan, Akihito. A Tokyo ladabi ne, a Amurka 'yan adawa suka ce ya zubar musu da girma. Shekaru huɗu kafin nan George Bush ya yi tafiya riƙe da hannun Yarima Abdallah na Saudiyya a gonarsa ta Texas, Amurkawa suka yi ta tsegumi a kan abin da a Maradi ko kallo bai isa ba, tun da kullum muna ganin aminai biyu sun fito masallaci hannu cikin hannu.

Faretin Maradi da faretin Katsina

Wanda ya tsaya a rana ranar 18 ga Disamban 2015, lokacin da bikin Jamhuriya ya zagayo garinmu da sunan Maradi Kwalliya, ya ga gadon Faransa da idonsa. Umarni da Faransanci, shugaban ƙasa ya bi layin sojoji yana dubawa, ya tsaya gaban tuta ya sunkuyar da kai. Abin lura ne wannan: mutumin da kowa ke ƙame wa, shi ma akwai abin da yake rusuna wa. Sannan soja, jandarma, askarawa, 'yan sanda, 'yan duwan da 'yan kwana-kwana suka wuce rukuni-rukuni, taku sumul ba tare da dukan ƙasa ba.

Tsallaka Ɗan Isa ka bi ta Jibiya, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, ka kalli fareti a Katsina. Sojan Najeriya ɗaga gwiwa yake ya doka ƙafa har ƙura ta tashi, hannu na lilo har kafaɗa, ga kuma wani tattaki na a hankali da ake yi wa manya da mamata. A fadar shugabansu a Abuja har masu busa algaitar Sikotlan ake gani cikin tufafinta. Hausawa ne a nan, Hausawa ne a can, wani sa'in ma 'yan ɗaki ɗaya, amma ƙafafunsu yare biyu suke yi. Rundunar sojan Nijar, wadda aka kafa ranar 1 ga Agustan 1961, daga hannun sojan mulkin mallakar Faransa ta karɓi horonta, ta Najeriya kuma daga rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma. Wani abin dariya a tarihin shi ne, a waccan runduna ta Ingila Hausa ce ta daɗe tana zaman harshen bariki, har hafsoshi Turawa ke zama su koye ta.

Ko a cikin gida ɗaya taku yana bambanta. A faretin 14 ga Yuli a Faris, rundunar Faransa ta sojoji 'yan ƙasashen waje taku 88 take yi a minti, sauran na yin wajen 120, shi ya sa ita ke rufe layin masu tafiya a ƙasa. Rasha da Sin da Koriya ta Arewa kuma miƙe ƙafa suke sambal, salon da ya fito daga tsohuwar Furusiya ta Jamus.

Sai harbin igwa. Daga teku abin ya fito: jirgin yaƙin da ya doso tashar wasu yakan harbe igwoyinsa a iska, don masu gari su san bai shigo da shirin faɗa ba. Sannu a hankali adadin ya zama ma'auni. Harbi 21 na shugaban ƙasa ne, 19 na shugaban gwamnati a tsarin ƙasashe da dama. Ingila takan ƙara har 41, wani lokaci 62 a hasumiyar Landan. A Indiya zamanin mallaka, Turawa sun jera sarakunan ƙasar da yawan harbi, manya irin na Haidarabad 21, na ƙasa da su abin na raguwa, kuma rage wa sarki harbi biyu horo ne mai zafi. Wanda ya san abin da cire wa basarake laima ke nufi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Daga can Indiya ma kalmar daba ta zo mana, Turawan Ingila suka laƙaba ta a kan hawan dawakin da muka gada kaka da kakanni, suka shirya wa Sarauniya Elizabeth ƙasaitacciya a Kaduna a 1956.

Giya, gawa da tuta

Inda addini ya shigo, sassauci yakan yi wuya. A al'adar liyafar Turai, mai masauki yakan ɗaga kofin giya ya yi wa baƙo fatan alheri. A watan Janairun 2016, da shugaban Iran Hassan Rouhani ya ziyarci Turai, Italiya ta rufe gumakan tsiraici na wani gidan tarihi a Roma da akwatuna don kada a ɓata masa rai, 'yan ƙasar suka yi ca a kan gwamnatinsu. Faransa kuwa ta ƙi kawar da giya daga tebur, Iran ta ƙi zama a teburin da ke da giya, aka fasa cin abincin, aka yi ganawar a bushe. Ɗaya ta lanƙwasa ta sha zagi a gida, ɗayar ta cije ta rasa liyafa.

Batun mamaci ya fi taɓa mu. Tsarin Turai shi ne akwati, a lulluɓe da tuta, a ajiye kwanaki, a yi busa, a yi harbi, a ɗora furanni. Shirun da ake yi wa mamata ya yaɗu ne daga Ingila, inda aka yi shirun minti biyu a 1919 don tuna waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na farko. Musulmi kuwa likkafani, salla, a gaggauta kai shi makwancinsa. Da Sarki Abdallah na Saudiyya ya rasu a Janairun 2015, a ranar aka binne shi a maƙabartar Al-Ud ta Riyad, kabari ba suna. Landan ta sassauto da tutocinta don juyayi, Riyad ba ta sassauto da tata ba, domin kalmar shahada ce a jikinta, ba a yin ƙasa da ita don mutuwar kowa. Wanda bai san dalili ba zai ce baƙi sun fi 'yan gida jin mutuwar.

Nijar ta haɗa biyun ne. Bayan harin Inates na Disamban 2019, inda sojoji 71 suka kwanta dama, an jera gawawwakinsu lulluɓe da tutar ƙasa a sansanin sojan sama na Yamai, aka yi musu ban girman soja, aka yi musu salla, aka yi makokin kwana uku. A tarukanmu na yau da kullum ma haka ne, mai gabatarwa ya ce a yi shiru na minti ɗaya, kafin ya rufe baki rabin zauren sun ɗaga hannu suna Fatiha. Maradi gari ne na malamai, kuma ra'ayi ya rabu. Akwai masu ganin tsayuwa don tuta da shirun minti ɗaya baƙin abubuwa ne da ba su da asali a addini. Akwai masu cewa al'adar tafiyar da ƙasa ce, ba ibada ba, tun da ba wanda ke bauta wa ƙyalle. Ba ni da hurumin raba wannan gardama, amma na lura cewa mafi yawan mutane sun riga sun sama wa kansu mafita: jiki a tsaye, baki na addu'a.

Yaya ake gane rainin da aka yi da gangan?

Duk wannan bayani ba ya nufin kowane abu a ce "al'adarsu ce" a wuce. Ƙasashe suna zagin juna da kujera da darduma, kuma sun ƙware. Sai dai mudun awon ba namu ba ne, na mai masaukin ne. Tambayar ita ce: ya saɓa wa ƙa'idar da shi kansa ya saba bi? Abin da ya yi wa wannan baƙo, ya yi wa sa'o'insa?

A jana'izar Sarauniya Elizabeth cikin Satumban 2022, hotunan shugabannin Afirka cikin bas sun zagaya wayoyinmu, ana cewa ga yadda Bature ya ɗauke mu. Amma sarakunan Turai da sarkin Japan su ma bas ɗin suka shiga. Wanda aka ware aka bari da motarsa shi ne Joe Biden da wasu ƙalilan. In akwai abin faɗa, fifikon da aka yi wa Amurka ne, ba ƙasƙanta Afirka ba. A Ankara kuwa, cikin Afrilun 2021, an ajiye kujeru biyu ga shugabanni uku, shugaban Turkiyya Erdogan da Charles Michel na Tarayyar Turai suka zauna, Ursula von der Leyen, shugabar hukumar Tarayyar, ta tsaya tana kallo kafin ta koma kan doguwar kujera a gefe. Turkiyya ta ce tsarin da ɓangaren Turai ya amince da shi ta bi, ita kuma ta ce don tana mace ne. Abin da ya ba maganarta nauyi shi ne tsofaffin hotuna, inda aka ga magabatanta maza zaune kafaɗa da kafaɗa da mai masaukin. Irin waɗannan ziyarori, ana aiko jami'ai tun kwanaki kafin ranar su ƙirga kujeru da taku, don haka kuskuren gaske ba ya da yawa. Yana dai faruwa, musamman a tuta da take. Tutar Chadi da ta Romaniya kusan ɗaya ce, tamu tana ɗiban kama da ta Indiya, ga sunanmu da na Najeriya, ga shi kuma ƙasashen biyu sun sauya taken ƙasa a jere, Nijar a Yunin 2023, Najeriya a Mayun 2024.

Darasi mafi kusa da mu shi ne watan Agustan 2023. Tawagar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, tare da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, ta sauka Yamai ranar 3 ga wata, ta juya ba ta ga Janar Tiani, shugaban majalisar sojan da ta karɓe mulki, ba. Victoria Nuland ta Amurka ta zo ranar 7, Janar Barmou, babban hafsan sojoji, ta samu, ba a kai ta ga shugaban majalisar sojan ba, ba a kuma kai ta ga hamɓararren shugaba Bazoum ba. Kwana biyu bayan haka Muhammadu Sanusi na II, wanda a lokacin ba ya kan gadon sarautar Kano, ya shiga tare da Sarkin Damagaram, aka ga hotonsu da Tiani. Sai tawagar malaman Najeriya ta biyo, ita ma aka buɗe mata ƙofa. Ba a fitar da wata sanarwa ba, amma kowa ya karanta: wanda ya zo da takardar ƙungiyar da ke barazanar yaƙi ya tsaya a waje, wanda ya zo da rawani da zumunci ya shigo. Rawanin Sarkin Musulmi bai gaza ba, inuwar da ya shigo ƙarƙashinta ce aka ƙi. Sai a zuwansu na biyu, ranar 19, aka gana da su.

Haka takaddamar jakadan Faransa Sylvain Itté. An ba shi awa 48 ranar 25 ga Agusta, kuma cikin dalilan da aka bayar har da ƙin amsa gayyatar ma'aikatar harkokin waje. Yarjejeniyar 1961 ta ba kowace ƙasa ikon korar jakada ko ba ta faɗi dalili ba. Faransa ba ta musa wannan ba, cewa ta yi masu korar ba su ne halaltacciyar gwamnati ba. Ƙin zuwa taron da ƙin fita duk magana ɗaya ce, wato ba mu san da ku ba. Sai ranar 27 ga Satumba ya bar ƙasar.

A sauya tsarin ko a bar shi? Kuma ina ruwan talaka?

Tun da aka shiga zancen sake gina ƙasa, tambayar ta taso. An sauya sunayen tituna a Yamai cikin Oktoban 2024, titin De Gaulle ya koma na Djibo Bakary. Kundin sake gina ƙasa da aka amince da shi a Maris ɗin 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Masu son sauyi suna cewa, to me ya rage? A ba soja umarni da harshenmu, a tarbi baƙo da ruwan maraba a ƙwarya da kiɗanmu, ai Indiya da Hindi take ba sojanta umarni, Tanzaniya da Suwahili, sama ba ta faɗo ba. Masu taka burki suna cewa runduna ta kowa ce, da Bazabarme da Buzu da Bafillace da Babarbare da Tubu, kuma ana aiki tare da sojan Mali da Burkina Faso, inda Faransanci ne ya haɗa su. Suna kuma tunatarwa cewa kakaki da tambari na sarauta ne, jamhuriya kuwa ba sarauta ba ce.

A ganina harshen umarni abu ne da za a iya sauyawa in an zauna an shirya, ba gaggawa. Amma ba na goyon bayan a ce soja cikin kaki ya zube wa kowa. Kakin na ƙasa ne, kuma ƙofar da aka buɗe wa sarki yau, mai kuɗi ne zai shigo ta cikinta gobe.

Inda tsarin ke ciwo da gaske shi ne wajen jera kujeru. A takardar hukuma gwamna ne gaba, sarki na biye, a zuciyar jama'a kuwa lissafin ba haka yake ba. Na taɓa taimakawa wajen shirya wani taro inda aka liƙa sunan wani dattijon hakimi a layi na biyu, bayan wani matashin darakta da bai kai ɗansa ba. Ya iso, ya dubi takardar, ya dubi kujerar. Bai ce komai ba. Can sai wani bafadensa ya matso ya raɗa mana cewa ranka ya daɗe kansa na ciwo, suka juya. Aikin da aka zo ƙaddamarwa a ƙasarsa yake, kuma sai da aka yi watanni ana bin ƙafa kafin mutanensa su fito.

Talaka kuwa, ruwansa ya wuce hanyar da ake rufewa da 'yan lakwal da ake shanyawa a rana suna jiran baƙon da zai zo da la'asar. Darduma da kujera su ne hadarin da ke gaban ruwa. Daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024 iyakarmu da Najeriya a rufe take, wutar da ke zuwa daga can ta yanke, farashin kaya ya hau, kuma kowane ɗan kasuwar Maradi ya ji a jikinsa. Ba protokol ne ya rufe iyakar ba, amma wanda ya iya karanta wa aka tarba, wa aka mayar daga filin jirgi, ya riga maƙwabcinsa sanin ko ya saro kaya ko ya dakata.

Wata safiya na bi ta bakin wani bariki daidai lokacin ɗaga tuta. Aka busa, masu wucewa suka tsaya cak, ɗan kabu-kabu ya kashe mashin. Wata mai tallan nono da ta shigo daga ƙauye, ganin maza sun ƙame, sai ta durƙusa a gefen hanya da ƙwaryarta a kai, har aka gama. Sojan da ke bakin ƙofa ya gan ta, bai ce ta tashi ba.

Na ba da wannan labari a fada daren da muke gardamar. Ɗan mazan jiya ya yi dariya, ya ce shi ma ranar sallah, cikin babbar riga, tun daga ƙofar fada yake riƙe takalminsa a hannu. Alhaji ya karɓi wayar ya sake kallon bidiyon, har sau biyu.

"Na ji, Baba," in ji shi. "Hular ya bar ta. Amma takalmin nan, da ya cire."